Kasafin 'Yan Adawa: Takarda Ce Kawai, Ko Tana Da Wani Amfani Ga Manomin Argungu?

Da zarar shugaban ƙasa ya ajiye kasafin kuɗi a gaban majalisa, kafin gari ya waye 'yan adawa sun fito da nasu lissafin. Nan an zuba kuɗi da yawa, can an yi rowa, da mu ne ga yadda za mu raba. Tun da haɗakar 'yan adawa ta rungumi jam'iyyar ADC a ranar 2 ga Yulin 2025, da David Mark a shugabancinta, da su Atiku Abubakar da Nasir El-Rufai da Rotimi Amaechi a gaba-gaba, wannan magana ta ƙara ɗumi. A Kebbi kuwa abin ya zo har cikin gida: Abubakar Malami yana cikin haɗakar, shi kuma wanda Shugaba Tinubu ya naɗa ministan kasafi da tsare-tsare a 2023, Abubakar Atiku Bagudu, shekara takwas ya yi yana gwamnan jihar nan.

Wani dattijo mai sayar da taki ya tare ni da tambaya bayan sallar La'asar, ya ce: "To ɗana, ƙasa guda kasafi biyu? In waɗancan sun kawo nasu, wanne za a bi?" Tambayar ba ta wasa ba ce, domin mutane da dama sun ɗauka majalisa na ɗora takardun biyu ne a sikeli ta zaɓi mai nauyi. Ba haka abin yake ba.

Shi kansa kasafin, mene ne?

Kasafi hasashe ne, ba kuɗi a hannu ba. Manomin fadama kafin ya shiga noman rani yakan zauna ya ce buhu kaza nake sa ran samu, buhu zai kai kaza, saboda haka zan iya cin bashin taki da mai har kaza. Idan shinkafar ta zo yadda ya zata, ya tsira. Idan ruwa ya ci gona ko farashi ya karye, bashin na nan daram.

Gwamnatin tarayya ma haka take yi, sai dai nata buhun gangar ɗanyen mai ce. Kasafin 2025, wanda aka sa wa hannu a ƙarshen Fabrairun shekarar, naira tiriliyan 54.99 ne. An gina shi a kan cewa za a haƙo ganga miliyan 2.06 kullum, a sayar da kowace ganga dala 75, dala kuma ta tsaya a naira 1,500. Amma haƙon bai kai ganga miliyan 2 ba, farashin ma ya shafe mafi yawan shekarar ƙasa da dala 75. Ke nan tun daga tushe akwai rami.

Ga yadda aka raba shi a taƙaice. Kusan tiriliyan 14.3 na biyan bashi ne, wajen tiriliyan 13 na albashi da hidimomin yau da kullum, tiriliyan 3.6 na hukumomin da doka ta ce a cire musu nasu kai tsaye, kamar ɓangaren shari'a da hukumar zaɓe da ita majalisar, sai kusan tiriliyan 24 na manyan ayyuka. Wato a cikin kowace naira 100, wajen naira 26 masu bin bashi ne ke jiran ta, ba a ma kai ga zancen asibiti ko hanya ba. A riƙe wannan adadi, domin duk wani kasafin 'yan adawa da bai faɗi yadda zai yi da shi ba, to ya tsallake babbar gaɓa.

Doka kasafi ɗaya ta sani

Sashe na 81 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa shugaban ƙasa, shi kaɗai, alhakin shirya ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa ya kai gaban majalisun biyu. Sashe na 80 ya hana a taɓa ko kobo daga asusun gwamnati sai da amincewar majalisa. Idan shekara ta kama ba a gama ba, sashe na 82 ya yarje wa shugaban ya ci gaba da kashewa har tsawon wata shida a kan ma'aunin kasafin bara. A jihohi, sashe na 121 ya ba gwamna irin wannan matsayi. Babu inda aka ce jam'iyyar adawa ta kawo nata a kaɗa ƙuri'a a kai.

Al'adar kasafin kishiya ta samo asali ne daga tsarin firaminista irin na Ingila. A can, babbar jam'iyyar adawa tana da nata jerin "ministoci" masu jiran gado, kowanne yana bibiyar ma'aikata guda, kuma idan majalisa ta kayar da kasafin gwamnati, kujerar firaminista ce ke rawa. Mu ma mun taɓa wannan tsari a Jamhuriya ta Farko, lokacin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ke firaminista, Obafemi Awolowo kuma yana jagoran adawa a majalisa. A 1979 muka koma tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, inda ko an ƙi kasafin shugaba, wa'adinsa na shekara huɗu na nan.

Shi ya sa da Farfesa Pat Utomi ya ayyana gwamnatin bayan fage a watan Mayun 2025, hukumar DSS ta kai shi kotu, babbar kotun tarayya a Abuja kuma ta yanke hukunci a watan Satumba cewa irin wannan tsari ba shi da gurbi a kundinmu. Amma a lura: abin da kotu ta soke shi ne kiran kai gwamnati ko majalisar ministoci. Rubuta takarda a ce "ga yadda za mu kashe kuɗin ƙasa da mu ke mulki" faɗin ra'ayi ne, kuma ba a hana kowa ba.

To amsar dattijon nan ke nan: na gwamnati za a bi. Na 'yan adawa ko sisi ba ya fitarwa daga baitulmali.

To me ya sa ake wahalar rubuta shi?

Saboda shi ne kaɗai alƙawarin ɗan siyasa da ke zuwa da lamba. A dandalin kamfe mutum zai iya cewa zai sauke farashin mai, ya ƙara albashi, ya rage haraji, ya daina cin bashi, duk a numfashi guda, a yi masa tafi. A takardar kasafi ba zai iya ba, domin dole ɓangaren shiga da ɓangaren fita su haɗu a ƙasa. In ya ƙara nan, sai ya nuna inda ya rage, ko wanda zai tatsa, ko wanda zai ranta a wurinsa.

Maleshiya ta ba da darasi mai kyau a kan wannan. Haɗakar adawa ta Pakatan Harapan ta riƙa fitar da nata kasafin kafin zaɓen 2018, kuma babban alƙawarinta shi ne soke harajin kashi 6 cikin 100 da aka ɗora wa kayan masarufi da hidimomi. Ta ci zaɓe a watan Mayu, ta cika alƙawari a watan Yuni. Jama'a sun yi murna, amma harajin da aka maye gurbinsa da shi bai kawo kuɗin da na farko ke kawowa ba, sai gwamnati ta ƙara jingina da kamfanin man ƙasar don cike giɓi. Alƙawarin ya kawo ƙuri'a, lissafin kuma ya zo da cizo daga baya. A Afirka ta Kudu jam'iyyar DA, wadda ta shekara da shekaru tana adawa, ta daɗe tana fitar da nata kasafin duk shekara, kuma a 2025, tana cikin gwamnatin haɗin gwiwa, ta tirje a kan ƙarin harajin VAT har ministan kuɗi ya janye shi.

Abin da muka fi sabawa da shi a nan gida shi ne sanarwar manema labarai: shafi biyu na suka, kalmomi masu zafi, ba jadawali ko ɗaya. Wannan martani ne, kuma yana da amfaninsa, amma kiran sa kasafi zuƙi-ta-malle ne.

Rage almubazzaranci: gaskiya ce, amma nawa ce?

Abu na farko da 'yan adawa ke ɗagawa shi ne tsadar tafiyar da gwamnati. Suna tuna wa jama'a manyan motocin da aka saya wa 'yan majalisa a 2023, da sabon jirgin shugaban ƙasa na 2024, da gidan mataimakin shugaban ƙasa da aka ƙare a kan naira biliyan 21. Peter Obi ya fi kowa nacewa a kan wannan. Kuma suna da gaskiya ta fuskar ɗa'a: ba ka ce wa talaka ya ɗaure ciki kai kana saka sabuwar babbar riga.

Sai dai a yi lissafi. Tiriliyan ɗaya biliyan dubu ce. Biliyan 21 a cikin tiriliyan 54.99 ba ta kai kobo 4 a cikin naira 100 ba. Ko an tattara motocin da jirgin da gidan an sayar, ba za su biya kuɗin ruwan bashi na wata guda ba, tunda biyan bashin ya haura tiriliyan ɗaya a kowane wata. Don haka duk wanda ya ce da kuɗin almubazzaranci kaɗai zai gina makarantu ya sauke farashin mai, ko dai bai yi lissafin ba, ko ya yi yana fatan kai ba za ka yi ba. Manyan kuɗin suna wuri uku: bashi, albashi, da kwangiloli. Kowanne ka taɓa, akwai mai kuka.

Tallafin mai, inda Kebbi ke tsaka mai wuya

A zaɓen 2023 manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku da Obi, duk sun ce za su cire tallafin man fetur. Tinubu ya sanar da cire shi a ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayun 2023, bayan 'yan makonni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Saɓanin da ke tsakaninsu yanzu a kan salo ne. Atiku ya fitar da bayani a ƙarshen 2024 cewa da shi ne da sannu a hankali zai bi, mataki bayan mataki.

Ga manomin rani a Argungu ko Suru ko Bunza, wannan ba zancen jarida ba ne. Injin ban-ruwansa fetur yake sha, kuma litar da ake saya ƙasa da naira 200 a farkon 2023 ta ninka sau huɗu zuwa biyar a 2025. Wasu sun rage gona, wasu sun koma injin mai aiki da gas ko hasken rana in suna da hali. Duk wanda ya zo masa da zancen sauƙin mai, kunnensa a buɗe yake.

Amma ga ɗaya gefen. Tallafin ana zare shi ne daga kuɗin mai tun kafin su shiga asusun tarayya, asusun da ake rabawa duk wata: kashi 52.68 na tarayya, 26.72 na jihohi, 20.60 na ƙananan hukumomi. Da aka cire shi, aka kuma karya naira, kason da ke zuwa jihohi ya ƙaru sosai a lissafin naira. Jiha irin Kebbi, wadda harajin cikin gidanta bai taka kara ya karya ba, da wannan kaso take biyan malamai da ma'aikatan ƙananan hukumomi 21, da shi ta iya ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 75,000 bayan tarayya ta tsayar da 70,000 a 2024. Idan kasafin 'yan adawa ya ce a dawo da wani yanki na tallafi, to daga wannan tukunya za a ɗiba. Manomi zai samu sauƙin mai, ƙanensa malamin firamare kuma yana iya jiran albashi. Gida guda ne fa.

Ba ina cewa kada a kawo shawarar ba ne. Ana iya cewa a tallafa wa manoman rani su kaɗai, ko a raba injinan hasken rana, ko a sa kuɗin a taki. Abin nema shi ne a rubuta nawa ne, kuma daga aljihun wa.

Shinkafa: mai ci ko mai nomawa?

Nan ne nake ganin za a gane ko haɗakar adawa ta yi tunani ko kuwa tana bin iska ne. A Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a watan Nuwamban 2015. Daga nan aka samu shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi a 2016, masana'antar WACOT ta buɗe a Argungu a 2017, aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Manomi ya ga kuɗi, mai saye a birni ya ji jiki. Shirin rancen kuma ya bar baya da ƙura, domin bashi mai yawa bai dawo ba.

A watan Yulin 2024, da tsadar abinci ta kai intaha, gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, har da shinkafa da masara da alkama, na kwana 150. Farashi ya sauko a kasuwa, mutanen gari suka numfasa. Shi kuwa wanda ya sayi taki da mai da tsada, ya wayi gari buhun shansherarsa ba ya mayar da abin da ya kashe.

Harajin kwastan kuɗin shiga ne, saboda haka yana cikin kasafi. Haɗakar da ke neman ƙuri'ar Legas da Onica da kuma ƙuri'ar Yauri da Kamba a lokaci guda dole ta zaɓa: a buɗe ƙofa abinci ya yi araha, ko a tsare ta manomi ya ci guminsa, ko a buɗe amma a biya manomi ta wata hanya. A wurin taro ana iya faɗa wa kowa abin da yake son ji. Haɗaka kuma, tunda taron mutane ne masu ra'ayi daban-daban da abu guda ya tara su, takan fi son yin shiru a irin wannan gaɓa. Ƙasashen Afirka sun yi alƙawari a Maputo a 2003 cewa za su ba noma kashi 10 na kasafinsu, a Abuja kuma a 2001 suka ce kashi 15 na lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta cika ko ɗaya ba, har da zamanin da wasu jagororin adawar yau ke riƙe da madafun iko.

Abin da kowane ɓangare ke kafa hujja da shi

Masu mulki suna cewa ɗan kallo ba ya jin nauyin kaya: 'yan adawa ba su ga littattafan baitulmali ba, kuma yawancinsu sun yi gwamna ko minista ko mataimakin shugaban ƙasa a lokacin da aka tara bashin da ake biya yanzu. Suna nuna rancen naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin baya ta ci daga Babban Banki, wanda majalisa ta mayar bashi na dogon zango a watan Mayun 2023, alhali dokar bankin ta ƙayyade irin wannan rance da kashi 5 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata.

'Yan adawa kuma suna cewa ana ta cin sabon bashi, ana ƙiyasin kuɗin shigar da an san ba za a samu ba, ana fifita manyan tituna irin na gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba a kan abin da zai taɓa cikin talaka yau. A nan ma Kebbi na da abin dubawa, domin titin Sakkwato zuwa Badagry, wanda aka fara a 2024, yanki mai tsawo nasa ta cikin jihar nan zai ratsa. In aka ce a rage manyan tituna, a tambaya: har da wannan?

Ƙofar da take buɗe da gaske

Wurin da shawarar adawa za ta iya zama kuɗi shi ne zauren majalisa, ta hannun 'yan majalisarta. Kwamitoci na da damar ƙarawa da ragewa, kuma suna yi. An taɓa ganin haka a ƙaramin kasafin 2023, lokacin da surutun jama'a ya sa majalisar wakilai ta kwashe naira biliyan 5 da aka ware wa jirgin ruwan fadar shugaban ƙasa ta mayar a rancen ɗalibai.

Amma wannan ƙofa tana buƙatar yawan ƙuri'a a cikin sanatoci 109 da wakilai 360, kuma guguwar sauya sheƙa ta rage wa adawa ƙarfi. Sanatocin Kebbi uku, Adamu Aliero da Yahaya Abdullahi da Garba Maidoki, a PDP suka ci zaɓen 2023, a watan Mayun 2025 kuma duka suka koma APC.

Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba. Idan aka zo cushen ayyuka a kasafi, ba a tambayar katin jam'iyya. Ƙungiyar BudgIT, mai bin diddigin kasafi, ta ce ta ƙirga ayyuka 11,122 na naira tiriliyan 6.93 da majalisa ta saka a kasafin 2025, irin su fitilun kan titi da rijiyoyin burtsatse, da yawa a ƙarƙashin hukumomin da ba aikinsu ba ne. Da Sanata Abdul Ningi ya yi zargin cushen naira tiriliyan 3.7 a kasafin 2024 a hirarsa da BBC Hausa a watan Maris na 2024, dakatar da shi aka yi. Kafin shi an yi rigimar ɗan majalisar wakilai Abdulmumin Jibrin a kan cushen kasafi a 2016. Ga kuɗi masu kauri da kasafin 'yan adawa zai iya cewa zai yanke, sun fi na motoci da jirgi nesa ba kusa ba. Sai dai yankan zai bi ta kan ayyukan mazaɓun 'yan majalisarsu su ma, ana kuma tunkarar zaɓen 2027.

Rubutawa daban, saki daban

Ko na gwamnati ne ko na adawa, adadin da aka rubuta a gaban sunan aiki ba ya nufin kuɗin sun fita. Albashi da bashi su ake fara biya, manyan ayyuka su ke jiran ragowa. Shi ya sa aka yi ta tsawaita wa'adin ayyukan kasafin 2024 har zuwa ƙarshen 2025, kasafi na hawa kan kasafi, 'yan kwangila suna zanga-zanga a Abuja a kan kuɗin aikin da suka gama. Mutanen da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu sun fi kowa sanin wannan: tun shekarun 1970 ake zancen aikin ban-ruwa na fadamar Zauro, waɗanda aka haifa lokacin sun yi jikoki.

Saboda haka idan takardar 'yan adawa ta zo hannunka, ko ka ji ana karanta ta a rediyo, fara da neman farashin gangar mai da yawan gangunan da suka yi lissafi da su. In sun fi na gwamnati buri, to sun fi ta mafarki. Daga nan ka duba giɓin: dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, sai in akwai barazana ga tsaron ƙasa. Sannan ka nemi layin da ya ce "za mu rage kaza daga wuri kaza", da sunan wurin. Tsaro shi ya samu kaso mafi tsoka a cikin ɓangarorin da shugaban ƙasa ya lissafa a daftarin 2025, naira tiriliyan 4.91, amma mutumin Danko-Wasagu ko na Augie zai so ya ji ba adadin kaɗai ba, har da yadda za a bi sawun kuɗin su isa inda ake kai hari.

Kuma ba Abuja kaɗai ke da kasafi ba. Makarantar firamare, da asibitin karkara, da hanyar da ake fito da albasa daga Aliero, yawancinsu nauyin jiha ne da ƙaramar hukuma. Gwamna Nasir Idris ya kai wa majalisar jiha mai kujeru 24 kasafin kusan naira biliyan 580 na 2025, Kotun Ƙoli kuma tun 11 ga Yulin 2024 ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Masu neman kujerar gwamnan Kebbi daga ɓangaren adawa suna da waɗannan alƙaluma a gabansu, kuma babu dokar da ta hana su zauna su rubuta nasu rabon, masarauta bayan masarauta, daga Gwandu zuwa Zuru, su buga shi da Hausa kowa ya karanta.